Ranar da Bas Ya Miƙe

Tun da matar kafinta ta rasu 'ya'yansa suka koma yi masa magana a hankali, irin wadda ake yi wa majinyaci. Babban ɗan har ya gyara masa ɗaki a bayan gidansa, jikin injin wanki, aka shafe shi da fenti kalar asibiti. Tsohon ya leƙa, ya sa albarka, ya fita ya sayo mataccen bas. A ciki zai zauna, in ji shi, duk inda aka dame shi ya tada mota.

Ɗan ya gindaya sharaɗi: in damina ta faɗi bas bai zama gida ba, Baba zai tare a ɗakin.

Tsohon ya cire kujeru, ya kama haɗa kicin yadda ya saba a gidajen mutane. Kowane kabad, kowace kanta, sai ya ɗora ma'aunin nan mai ɗigon ruwa, ya ga ɗigon ya tsaya a tsakiya, sannan ya ɗaure. Bai kula ba tayoyin hagu duk a sace suke, motar a kishingiɗe take tun da aka jawo ta.

Ranar da bakanike ya sa sababbin tayoyi, bas ya miƙe, kicin ya kwanta. Durowoyi suka zaro kansu kamar masu gwalo. Kofin shayinsa ya bi kanta a natse har ƙarshe, ya faɗo. Bakanike ya ce abin da sauƙi, Baba ya dinga neman gangare in zai tsaya. Bakaniken kaɗai ya yi dariya.

Surukarsa, matar babban ɗan, ta ce, cikin ladabi, ta ma sa wa ɗakin sabon labule. Wannan ladabin ya fi dariyar ciwo.

"Baba, ya isa haka," in ji ɗan. "Ka gwada, mun gani."

"An yi ruwa ne ban ji ba?"

"Ga hadari can."

"To matsa, ka tare mini haske."

Ya durƙusa da ƙyar, gwiwa na ƙara, ya fara kwance kabad na farko. Wannan karon daga daɓen motar zai auna. Ɗan ya tsaya a bakin ƙofa yana lissafa masa ciwon baya da hawan jini, tsohon yana miƙo masa katako ɗaya bayan ɗaya, har hannuwansa suka cika ya rasa na nuni.

Kafin la'asar tsohon ya sa bakanike ya ɗauko masa katifarsa daga gida. Ya shimfiɗa ta a tsakiyar motar, cikin garin katako, ya ce su ja masa ƙofa in za su tafi.