Butar Malam Hamman

Tun daga bakin kogi mutanen Guri suka ɗauko Zarami a kafaɗa, ana kiɗa ana guɗa sai ka ce ango, shi kuwa baki har kunne. A shekarar ce aka fara zaɓen wakilan talakawa a majalisar En'e ta Haɗeja, kuma shi suka zaɓa, don duk Guri babu mai bakinsa. Saƙo ɗaya suka ba shi: ɗakin shan magani. Sun gaji da ɗaukar majinyaci a kwalekwale duk damina, wani a isa birni da shi, wani a juyo da gawarsa.

"In ka tashi, kada ka bari Bature ya numfasa," in ji wani masunci.

"Ku bar ni da su," in ji Zarami, yana gyara hula.

Da aka zauna, Baturen Di'o na gefe da tafintansa, shugaban majalisa ya ce harajin bana gini ɗaya zai ɗauka: ko makarantar elemantare a Kirikasamma, ko ɗakin magani a Guri. Zarami na murza hannu, sai ya ga wanda ya miƙe da batun makaranta. Malam Hamman ne, wakilin Kirikasamma, mahaifin amaryarsa Ramatu. Ya san surukinsa na cikin majalisar, amma bai taɓa kawowa da shi zai kara ba.

Dattijon ya yi bayani a natse, ya zauna.

"Wakilin Guri, me ka ce?" in ji shugaba.

Zarami ya miƙe da ƙarfinsa, idonsa ya faɗa kan rawanin surukinsa. Bai san lokacin da ya durƙusa ba. Ina aka taɓa ganin mutum ya ja da uban matarsa a bainar jama'a?

"Ranka ya daɗe... abin da Baba ya faɗa..."

Majalisa ta ɓarke da dariya, har tafinta ya rasa abin da zai gaya wa Bature. Mutanen Guri da ke leƙe ta taga suka dafe kai. Zarami ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Sai Malam Hamman ya ɗauki butarsa. "Ranka ya daɗe, a yi mini izini in sabunta alwala." Hantsi ne fa, azahar ko alamarta babu. Ya fice.

Ai kuwa bakin Zarami ya buɗe. Ya kawo labarin mai naƙuda a tsakiyar ruwa, ya kawo na yaron da maciji ya sara, ya sa su dariya, ya sa su yin tsit. Aka ɗaga hannu, Guri ta ci da ƙyar, da ratar hannu ɗaya. Da hannun da ke waje riƙe da buta yana ciki, da an yi kunnen doki.

Ana ta kiɗa a ƙofa, Zarami ya sulale ya iske surukinsa a gindin tsamiya, buta cike ko ɗigo bai zubar ba. Ya cire takalmi ya durƙusa.

"Baba, a gafarce ni."

Dattijon bai dube shi ba. "Makaranta ta jira baɗi. Yarinyar nan da na ba ka, ɗanta na fari dai a gidana za ta haife shi. Na biyun fa, a kwalekwale?"