Garmahon Kaka Jinjiri

Ana gobe za mu bar Runka, babana Malam Mani ya ce sai na sauko masa da garmahon ubansa, tsohon akwatin kiɗan nan, daga inda yake rataye. Ni ina fama da ɗaurin kaya, shi ga abin da ya dame shi. Direban a-kori-kura ya riga ya faɗa mana: hatsi da tabarmi da mutane, ban da tarkace.

"Na sani ba za shi tafi ba, Mahfuza," in ji shi. "So nike in ji shi sau guda cikin gidanga."

Kakana Jinjiri ne ya zo da garmahon bayan ya dawo daga yaƙin Bama, da fayafayai naɗe cikin tsofaffin jaridu. Kiɗan Baƙaƙen Amurka ne, na bigila da ganguna, shi yana ce masa jas. Baba ya ce suna yara duk unguwa takan taru a ƙofar gida. Kafin a sa faifai sai Kaka ya warware jaridar, ya sa a karanta wa jama'a labarin birni: an yi gobara a wata kasuwa, an ja wutar lantarki a wata unguwa. Labarin ya shekara goma, amma kullum sai an yi salati kamar jiya abin ya faru. Yanzu faifai ɗaya ya rage, sauran duk sun fashe.

Matsalar ita ce Runka ta daina ƙara. Tun da ɓarayin daji suka matsa mana, gari ya yi shawara: ba kiɗa, ba rediyo, don masu gadi a kan dutse su iya jiyo baburan ɓarayin tun daga nesa. Baba kuwa kunnensa ya tafi, sai an yi masa ihu.

"Baba, in na bar shi ya yi ƙara yadda za ka ji, mutanen gari za su cinye ni ɗanya."

"Mi?"

Na maimaita da ƙarfi, har na ji kunyar kaina.

Allurar garmahon ta daɗe da ƙarewa. Da ƙayar aduwa ake sa shi, kuma guda ɗaya ta rage a gwangwani. Na cusa tsohon zane a bakin da sauti ke fita, na murɗa hannun, na ɗora ƙayar. Faifai ya juya. Ni kaina da kyar nake jin wani ɗan zuu kamar sauro. Baba ya kara kunnen dama, ya kara na hagu, ya dube ni. Wallahi da na san haka zai dube ni, da na ce garmahon ya lalace tun farko.

Na kai hannu zan cire zanen, gari su yi abin da za su yi. Ya riƙe ni. Sai ya shafa gefen akwatin, inda katakon ya lotsa wuri-wuri. Tun ina yarinya nake ɗauka ɓera ne ya gaigaye shi.

"Haƙoran kakanki ne," ya ce. "Igwa ta kashe mashi kunne can Bama. Cizon akwatin yake in ana kiɗa, mu ko muna ta dariya."

Ya sunkuya, ya kafa 'yan haƙoran da suka rage masa a kan katakon, ya rufe ido. Can sai na ga babban yatsan ƙafarsa yana bugun ƙasa. Kafaɗarsa ta fara motsi. Miyau yana zuba a kan rigarsa, hawaye ma haka, bai saki ba. Ban taɓa jin tausayin mutum kamar na ranar ba, ni da ake cewa ba ni da hawaye.

Ƙayar ta dakushe kafin faifan ya kai ƙarshe. Itacen aduwar yana gonarmu, inda ba mai zuwa yanzu. Baba ya ɗago, ya goge baki.

"Ashe daɗi yake ji," ya ce. "Allah shi gafarta mamu."

Washegari muka bar garmahon a tsakar ɗaki, na rufe shi da zanen nan.

Yanzu muna Batsari, a ɗaki ɗaya a gidan ɗan ƙanen Baba, Sharhabilu. Gari ne mai hayaniya, kowane shago da nasa kiɗan, Baba ba ya jin ko ɗaya. Wani lokaci da la'asar nakan same shi zaune a bakin ƙofa, ya ciji kan sandarsa, idonsa a rufe. Nakan tsaya in dubi yatsan ƙafarsa. Ba ya motsi.