Fentin Ruwa a Katangar Ɗan Kwangila

Ni na riga kowa gani. Ban taɓa zama a aji ko na yini ɗaya ba, amma na ga zaɓe tara, an fasa mini kai a biyu, an ƙone mini rumfa a ɗaya, kuma ga ni nan daram ina ɗinkin takalmi daura da ƙofar gidan Ɗan Kwangila. Ranar da aka sauke gwangwanayen fenti a ƙofar nan, hancina ya gaya mini abin da masu biro a aljihu ba su gane ba sai bayan wata biyar. Fentin mai, warinsa hawa kai yake yi. Wannan kuwa ko ɗuriyar wari babu. To amma labarin ba nawa ba ne, na Mai Fenti ne.

Shekarar Mai Fenti ashirin da shida a jam'iyyar Guga. Duk gugan da ka gani zane a bango a unguwar, hannunsa ne, kuma bai taɓa cewa a biya shi ba. Ofishin jam'iyya na mazaɓa ɗaki ɗaya ne, benci uku da tebur mai gurguwar ƙafa, makullin kuwa a aljihunsa yake kwana. Layinsu gida arba'in da 'yan kai. In ya ce ga inda za a dangwala, nan ake dangwalawa.

Yana da ƙane guda, Auta, wanda a da direban babbar mota ne. Shekara takwas kafin wannan lamari Auta ne wakilin Guga a rumfar zaɓe. Yaran Ɗan Kwangila, lokacin yana jam'iyyar Fitila, suka zo sace akwati. Auta ya rungume akwatin ya ƙi saki, suka karya masa hannun dama wuri biyu. Hannun ya haɗe a karkace, sitiyari ya gagare shi. Ya koma sayar da baƙin mai a kan tebur a bakin tasha.

Sai ga shi a zaɓen da ya wuce Ɗan Kwangila ya nemi takarar majalisar jiha a Fitila an hana shi. Kwana biyu tsakani ya wayi gari ɗan Guga, manya na sama suka miƙa masa takara ba tare da sun tambayi kowa ba. Ciyaman na mazaɓa ya aiko wa Mai Fenti cewa ya je ya shafe tambarin da ke katangar gidan, ya zana nasu.

Fitilar da ke jikin katangar ta fi tsawon mutum, an zuba mata fentin mai har hawa uku. Mai Fenti ya buɗe gwangwani, ya tsoma yatsa, ya murza. Ya dubi mai gidan, wanda ke zaune cikin mota ya sauke gilashi rabi, ya ce wannan fentin ruwa ne. Aikin gaskiya shi ne a kankare tsohon zanen tukuna, sannan a sa na mai.

“Malam, ba kankara na kira ka ba. Shafa kawai.”

“Ranka ya daɗe, ruwan sama biyu ya ishe shi wankewa.”

“Zaɓen kafin damina ne ko bayanta?”

Gilashi ya koma sama. Mai Fenti ya tsaya da yatsa fari fat. Ya ajiye burushi ya nufi gidan Ciyaman, ya same shi yana gwada sabuwar hula a madubin babur. Ya gaya masa mutumin nan aro ya zo yi, ko tambarinsa bai yarda a taɓa ba. Ciyaman ya tambaye shi ko ya bar fenti ya koma duba ne. Ya ce jam'iyya ta riga ta yanke, kuma dama ana ta raɗe-raɗin cewa saboda hannun Auta wasu za su yi zagon ƙasa, shi dai bai so ya yarda ba.

Zagon ƙasa. Shi, da ya kwana uku a tsare saboda tutar Guga tun Ciyaman na yawo ba wando. Ya koma ya hau kan ganga ya fara shafa.

Yana tsakiyar zana igiyar gugan Auta ya iso, hannun riga a naɗe.

“Yaya, sauko mu yi magana.”

“Ina jin ka daga nan.”

Auta ya ɗaga karkataccen hannun sama yadda duk mai wucewa zai gani. “Wane ne ya yi wannan?”

“Don Guga aka karya shi, Auta, ba don wani mutum ba. Guga kuma tana nan.”

“To ka ji da kyau. Ka shafa masa bango, wannan sana'arka ce. Amma in ka kwashi layinmu ka kai masa, kada bakinka ya sake kirana ƙanenka.”

Mai Fenti ya tsoma burushi ya ci gaba. Igiyar ta fito a karkace, sai da ya sake ta. Washegari Auta ya yanki katin Fitila, ya manna hoton ɗan takararsu a gaban teburinsa. 'Ya'yansa da ke yini a gidan baffansu suka ɗauke ƙafa.

Mai Fenti ya bi layin gida gida. Matan aure na tambayarsa daga bayan ƙofa ko wannan ba shi ne wanda ya nakasa Auta ba. Ya ce kada su dubi fuska, guga za su nema a takarda. Wata tsohuwa ta ce masa ita kunyarsa za ta sa ta dangwala, amma Allah na gani. Ya wuce gida na gaba. Duk gidan da ya fito sai ya ji kamar ya tofar da yawu, amma bai tsallake ko ɗaya ba.

Ɗan Kwangila ya ci da ratar ƙuri'a ɗari biyu da 'yan kai. Akwatin layin Mai Fenti kaɗai ya ba shi ɗari uku. Kujerar gwamna kuwa Fitila ce ta ɗauka.

Mako bakwai da cin zaɓensa aka ji shi a rediyo yana cewa ya koma gida, wato Fitila, wai don mazaɓarsa ta amfana. Ko damina bai jira ba. Masu gadinsa biyu suka jawo tiyo da tsintsiya, kafin rana ta take fitila ta fito tana ƙyalli kamar jiya aka zana ta, farin ruwa na gangarawa cikin kwata.

Da yamma Mai Fenti ya je ofis ya tarar an ɓalle ƙofa. Benci uku da tebur duk an loda a mota. Ciyaman na tsaye da wata hular daban a ka, da guda a hannu. Ya miƙa masa yana murmushi, ya ce kowa ya bi, shi ma ya zo, ga bangayen unguwa kaf suna jiran sabon zane, aiki ya samu.

Mai Fenti ya karɓi hular ya jefa ta a kwata, ya taka.

“Kai ne ka ce mini ɗan zagon ƙasa. Kai, da ko bencin da na haɗa da hannuna ba ka bari ba. Na sayar da ɗan'uwana saboda maganarka, kai kuma ka sayar da mu a kan hula.”

Ciyaman ya ce siyasa ba gaba ba ce, ya shige mota.

Daga nan Mai Fenti bai zarce ko'ina ba sai tasha. Auta na zaune a bayan jarkokinsa, gabansa takardar gayyata: ana neman duk 'yan Fitila su fito tarbar Ɗan Kwangila. Bai ce wa yayansa ya zauna ba.

“Na gudu na bar maka shi,” in ji Auta, “ka ɗauko shi ka kawo mini har inda nake, da kujera a kansa.”

“Ka dawo Guga. Ya fita, ɗakin ya yi tsabta.”

Da Auta ya buɗe baki, muryarsa a ƙasa take. Ya ce shi ba ya son ban haƙuri. Magana ɗaya yake so: Yaya ya faɗa da bakinsa cewa jam'iyyar ta ci amanarsu. In ya faɗa, yanzu zai yaga katin Fitila, su tafi gida tare, kowa ya huta.

Mai Fenti ya buɗe baki. Shekara ashirin da shida suka tokare masa harshe. Ya dubi hannun, ya dubi ƙasa.

“Mutane ne suka ci amana, Auta. Guga ba ta yi mana komai ba.”

Auta ya juya kujerarsa ya fuskanci bango.

Yau shekara biyu ke nan ko gaisuwa ba ta haɗa su. 'Yar Auta ta kwanta asibiti sati guda, a bakin maƙwabta baffanta ya ji. Shi kuwa ya sa wa ofis sabuwar ƙofa, duk sati yana buɗewa ya share, ya zauna a kan bulo shi kaɗai, yana zagin maciya amana da ƙarfi yadda masu wucewa za su ji.

Wanda ya ce ƙari na yi, hanyar tasha ba ɓoyayya ba ce. Ya je gaban teburin Auta ya ce masa yayansa na gaishe shi, sannan ya tsaya ya jira amsa. Tsayawar nake so in gani.