Wayar da ta Bi ta Kan Katanga

Larai ta daɗe tana sayar da ƙanƙara da zoɓo a unguwarsu cikin Dutsin-Ma, kuma duk sana'ar a kan firiza ɗaya ta tsaya. A da, in ta sa wa mitar wuta kati har mantawa take yi. Bana kuwa, kafin ta juya mitar ta fara kuka.

Mijinta Almu direba ne, yana kai kaya Maraɗi. Ranar da ya dawo ta kai mashi ƙorafi yana tsakiyar cin tuwo.

"Ni ma abin na ɗaure mani kai," in ji shi. "Mai masaukina a can firiza biyu gare shi, ban taɓa jin ya yi kukan wuta ba. Kuma wai daga ƙasar nan ake tura masu ita."

"To mu da muke da rijiyar, mu ne za mu sha ruwa da tsada?"

"Sai dai in wani ke taya ki sha," ya ce yana dariya. Ya wanke hannu ya tafi masallaci.

Shi wasa ya yi, ita kuwa maganar ta zauna mata a rai. Mitarsu a bangon waje take, wayar da ta fito daga cikinta sai ta bi ta kan katangar da ta raba su da Malam Tukur tela kafin ta shiga ɗakin firiza. Kuma bana ne Tukur ya sayo keken ɗinki mai aiki da wuta. Daga ranar, da ta ji ƙarar keken sai ta yafa mayafi ta leƙa mita, ta ga jar fitilar nan tana ƙyaftawa kamar ana kora ta. Wata safiya tana shanya, ta hango baƙin salatif naɗe a jikin wayar, daidai saitin shagon Tukur.

Da yamma Hussaina matar Tukur, wadda ƙawarta ce, ta shigo sayen ƙanƙara. Ta daɗe tana kallon firizar, sannan ta ce, "Maman Lubna, wai wannan kwana take a kunne?"

"Me ya sa kika tambaya?"

"A'a, ba komai."

Ba komai! Larai ta miƙa mata ƙanƙarar ba tare da ta kalle ta ba.

Ranar kasuwar Kurfi ta hau mota ta tafi wurin yayanta Jibo, mai aikin wayar wuta. Ya saurare ta yana gyaran wata fanka.

"Ke Larai, kuɗin wuta aka ƙara, ba ke kaɗai ba ce. Kayan aikin duk da dala ake sayo su. Ga wayoyi sun tsufa, wutar na zubewa a hanya. Ga masu sha ba su biya, sai nauyin ya dawo kan mai biya."

Cikin duk bayanin, masu sha ba su biya kawai ta ji.

"Yaya, ka zo dai ka duba mani."

Washegari ya zo da tsani. Yana jingina shi da katanga Tukur ya fito, igiyar awo rataye a wuyansa, fuska ba annuri.

"Madalla," ya ce. "Dama na so a hau wurin nan. Malam Jibo, ka kwance salatif ɗin nan gaban kowa. Tun da damina katina ba ya kai mako, ni kuwa keke ɗaya gare ni."

Larai ta fito daga zaure. "Au, Malam, ni kake zargi?"

"Ban kama suna ba. Amma firiza ba da iska take aiki ba."

Maƙwabta suka fara taruwa. Jibo ya warware salatif ɗin. Babu wata waya a ƙarƙashi, sai gurbin da bakin kwanon rufi ya goge robar, wani ya naɗe don kar ta ja mutum. Ya sa Larai ta kashe komai na gidanta, Tukur ya kunna kekensa. Mitar Larai ta tsaya cik. Aka juya, ta Tukur ma ta tsaya.

"To kun gani," in ji Jibo yana saukowa. "Ba wanda ke cin wani a nan."

Maƙwabta suka fara watsewa. Tukur ya gyara hularsa ya koma shago. Ba wanda ya ba wani haƙuri.

Larai ta so ta ji sanyi a ranta, amma ba ta ji ba. Da ɓarawo ne, da an kama shi an huta. Yanzu sai ta koma zargin mitar kanta, har ta ce wa Jibo ko an murɗa ta ne tun daga inda aka kawo ta. Ya ce bai ga alama ba, amma ba zai rantse ba.

Ta gwada kunna firiza rabin yini, ƙanƙara ta ƙi daskarewa, masu saye suka koma bakin tasha. Kafin azumi aka ɗora firizar a bayan a-kori-kura zuwa Kurfi, inda Jibo ke da wutar sola a shagonsa, matarsa ta riƙa sayar da ƙanƙarar suna raba riba da Larai. Sa'ad da ake ɗaure ta da igiya, Hussaina na tsaye a ƙofar gidansu. Ta ce, "Allah ya sa a dace." Larai ta ce amin, kowacce ta shige gida.