Kafaɗar Idwal Prosser

A teburin lungu na mashayar ƙauyenmu aka ƙulla cinikin, ina zaune ina gani. Wata yarinya, Carys, daga Cardiff ta zo, kamfaninsu na haɗa wasan yaƙi na kwamfuta. Suna neman wanda zai ja dogon baka a gaban kyamara, su kwafi motsinsa su ɗora wa maharban wasan. Duk yankin nan babu mai jan baka mai nauyi sai Idwal Prosser, shi ma likita ya riga ya hana shi saboda kafaɗarsa.

"Ba kuɗinki nake so ba, yarinya," in ji Idwal. "Sharaɗi ɗaya ne. Maharbanki su kafa turaku masu tsini a laka, su tsaya bayansu, su jira dawakai su kawo kansu. Haka kakanninmu suka yi yaƙi. Ban da guje-guje."

"An gama, Baba Prosser."

Na ce, "Tsoho, kafaɗar nan fa ba tayar mota ba ce, ba ta da sifiya."

Ya ce in ji da kofina.

Ni na kai shi wurin ɗaukar hoton a motata. Suka sa masa matsattsiyar riga mai ɗigo-ɗigo, tumbi a gaba kamar buhun dankali. Na yi dariya, ya zage ni. Ya ja bakan, aka ce ya sake ja. Ya sake, aka ce hasken bai yi ba. Da Carys ta ga yana cije baki ta miƙo masa baka mara nauyi, ya ƙi. Wai mara nauyi hannu ke ja, na gaske kuwa da baya ake jansa, kuma shi ba zai yi wa duniya ƙarya ba. Bayan la'asar muka ji ƙas. Ya durƙusa, ya dafe kafaɗar dama, baki buɗe babu murya. Kyamarorin nan ba wanda ya kashe su.

Da wasan ya fito, Carys da kanta ta kawo, aka jona a talabijin ɗin mashaya. Ba ta iya haɗa ido da Idwal ba.

"Na yi faɗa a kai, Baba. Masu gwajin wasan suka ce jira yana sa su barci, aka cire turakun."

Ga maharba nan suna ta tsere a fili kamar kaji, suna harbin sama. Sai dawakai suka afka musu. Na farko ya durƙusa, ya dafe kafaɗar dama, baki buɗe. Na biyu ma haka. Fili guda duk Idwal ne, kowa na faɗuwa irin tasa.

Ya daɗe yana kallo, kofi a hannun hagu.

"Wannan kam sun yi shi daidai," ya ce.

Kamfani ya sayar da wasansa, an ƙara wa Carys girma, yara na yabon yadda maharban ke mutuwa. Idwal kuwa ko rigar sanyi ba ya iya sawa sai na riƙe masa hannu. Bakan na rataye a bangon mashaya, an kwance tsirkiyarsa.