Motar da Aka Rufe a Roba

Tun ranar da matar nan mai ƙatuwar jaka ta fara zuwa gidan, Kaka ba ta ƙara yarda da kowa ba.

Jikanta ɗaya ne, ɗan shekara biyu da ɗoriya. Direba ake ce masa, don ba shi da aiki sai kife motar wasansa yana juya taya. Ba ya magana. Ka kira shi har muryarka ta dushe ba zai waiwayo ba, bare ya kalli idonka. Likita ya ce wata lalura ce wai ita otizim. Kaka ta ce miskilanci ne, ta kuma san inda ya gado shi, don kakansa ma sai da ta yi haihuwa biyu kafin ya dube ta da kyau.

Ita ke rainonsa in surukarta ta tafi shagon ɗinki. Raino kuwa na 'yan gata. Kafin ya ji ƙishi kofi na bakinsa, kafin mota ta gama gangarawa ƙarƙashin kujera an zaro masa. "Mijina ba ya roƙo," haka take cewa.

To, sai ga Mai Jaka. Duk zuwa sai ta gaida Kaka da ladabin da ya yi yawa, ta shige ɗaki da suruka da yaro, a turo ƙofa. Kaka ta ɗauko tsintsiya ta yi ta sharar bakin ƙofar nan kamar za ta huda siminti. Abin da take ji, ƙarar tafi, da kukan kyanwa daga bakin babbar mace, sannan shiru mai tsawo. Shirun nan ya fi komai tsaya mata a rai.

Gida ya soma canzawa. Motar Direba ta koma cikin roba mai murfi, yana hango ta ba ya iya buɗewa. Kofinsa ya hau kan firij. Rannan da idonta ta ga suruka riƙe da biskit dab da fuskarta, yaro na miƙa hannu, ta ƙi ba shi.

Kaka ta kai maganar gun Mai Kitso ta gidan gaba, wadda ta san cikin kowane gida a layin ban da nata.

"Ai haka suke farawa," in ji Mai Kitso, tana tsaga kan wata. "Su ce gida ya gaza, su kwashe shi zuwa wata makaranta tun safe har yamma. Ke kuma ki zauna rainon rediyo."

Kaka ta dawo gida. Daga ranar, suruka na sa ƙafa waje, sai ta bi robobi tana kwance murfi, ta sauko da kofi. Kafin a dawo ta mayar da komai, ta zauna da carbinta kamar ba ita ba.

Wata safiya tana sharar tata, ta jiyo muryar Mai Jaka.

"Ya daina kawo miki robar. Akwai mai buɗe masa ne?"

Suruka ta rage murya. "Kaka ce. Ta ɗauka ban sani ba. A karkace take mayar da murfin."

"To, lallai maganar ta zo kanta."

Kaka ta banke ƙofa, tsintsiya a hannu. Ta tarar da su zaune dirshan a ƙasa, Mai Jaka da soso a ka kamar hula, wai don yaro ya kalle ta.

"Ga kan nawa na kawo. Ina za ku kai min miji?"

"Kai shi ina, Mama?" in ji suruka.

"Ke 'yar nan, ba da ke nake ba. Ke mai soso, yunwa da ƙishi ne maganin naku?"

Mai Jaka ta cire soson. "Ba inda za shi, Kaka. Ba kuma hana shi muke ba, ɗan jira ne kawai, ko zai nemi mutum. Yanzu hannu ya sani, bai san hannun da mai shi ba. Ni leƙowa nake in tafi. Ke ce da shi wuni guda. In bai koya a wurinki ba, ban san inda zai koya ba."

Kaka ta dube ta sama da ƙasa. Daɗin baki, ta ce a ranta, irin na masu tallan magani a mota.

"Miƙo robar. Yanzu za ku ga ihu, ku bar min gida."

Ta zauna da ƙyar, gwiwa na ƙara. Direba ya zo, bai kalle ta ba, ya kama yatsunta ya ɗora kan murfi kamar ya ɗauko mabuɗi.

"Ɗaga ta kusa da fuskarki," in ji Mai Jaka. "In ya soma kuka ki buɗe."

Ta ɗaga. Ya ja hannunta. Yatsunta har sun fara murɗawa da kansu, ta danne. Ya yi ƙunƙuni, ya sake ja. Kaka ta ƙara riƙe murfin. Saura kaɗan ta buɗe, sai yaron ya bi roba da kallo, idonsa ya zame ya faɗa cikin nata.

Bai fi ƙiftawa ba. Amma tun da aka haife shi, Kaka ba ta taɓa ganin ƙwayar idon nan tana neman ta ba.

"Buɗe, buɗe!" in ji Mai Jaka. "Ki ce mota!"

"Mota," in ji Kaka, ta buɗe. Ya karɓa ya kife ta ya ci gaba da juya taya. Suruka ta sa bakin mayafi a ido.

Kaka ta ja hanci, ta ce ƙurar shara ce. Sannan ta janyo robar ta sa a cinyarta.

"Wannan a ɗakina za ta riƙa kwana. Ƙofar nan kuma an daina rufe ta." Ta nuna jaka da tsintsiya. "Ke kuma zazzage min ita. Ban yarda soso kaɗai ne a ciki ba."