Ranar da Haladu Zai Mayar da Kukuma

Haladu mai wankin hula ba ya aiki ranar Asabar. Daga Lahadi zuwa hantsin Juma'a yana bakin kasuwar Funtuwa, yana wanke huluna, yana sa musu ƙaro su yi tauri, yana jera su a rana. Asabar kuwa tasa ce. Tun da ya bar makaranta a aji biyu ƙafarsa ba ta zauna wuri ɗaya ba. Sai ya shiga tasha, ya hau duk motar da ta kusa cika, ya toshe kunnuwansa da kiɗa, ya sauka a garin da kasuwa ke ci, ya tsaya bayan makaɗa har la'asar.

Wannan Asabar ɗin dai ya san inda za shi, kuma ba ya son zuwa. Yana zaune a mota, a cinyarsa akwai kukumar Kawu Nomau, naɗe cikin tsohon zane. Wata guda ke nan da kawun ya miƙa masa ita a Tudun Kanya ya ce, “In ta yi magana a hannunka, taka ce. In ta ƙi, ka dawo min da abata, akwai mai so.”

Haladu ya kai ta ɗaki ya yi mata gata irin na mai sana'ar wanki. Ya goge ƙoƙon, ya share fatar damon da aka rufe shi da ita. Da ya ga izgar bakan, wato gashin wutsiyar doki, ta yi danƙo, sai ya wanke ta tas, ya shafe ta da man gyaɗa har tana sheƙi. Daga ranar ko tari kukuma ba ta yi ba. Ya goga da safe, ya goga da yamma, baka sai zamewa yake a kan tsirkiya.

Rana ta take. Motar ta cika da warin fetur da na albasa, gonakin dawa kore shar suna wucewa ta taga. Dattijuwar da ke gefensa ta jingina masa kwandon zabinta. Kiɗan da ke kunnensa ya fara yin nisa, kamar ana biki a ƙetaren rafi, kansa ya yi nauyi.

Direba ya waiwayo. Damo ne, da hula a goshi, harshensa na leƙowa.

“Kowa ya sauka,” in ji shi, “ban da mai kukuma.”

“Ina za mu, direba?”

“Wata guda kana yawo da fatar bayana. Yau ni zan ɗauke ka.”

Titin ya tsuke, ya tsuke, har ya zama tsirkiya ɗaya tal, ɗaure tsakanin duwatsu biyu. Motar ta hau kanta tana gudu. Haladu ya leƙa ƙasa, sai ga duk kasuwannin da ya taɓa zuwa a jere kamar faifai a shanya, kowace da tururin kiɗanta yana tashi: kalangun mahauta ja, garayar 'yan bori baƙa, shantun 'yan mata fari sol. Ya miƙa hannu ya ɗebo na kalangu, ya ji ɗumi kamar gurasa.

“Na mutane ne wannan,” in ji Damo. “Ajiye. Ga tasharka.”

Gari ne mai ƙyalli. Bango na sheƙi, ƙasa na sheƙi, har awaki sheƙi suke. A dandali ana biki, makaɗa goma sun duƙufa, amma makaɗi na sauka a kan ganga sai ya sulale ba ƙara. Mutane na gaisawa, gaisuwar na zamewa daga baki ta faɗi ƙasa ta gangara kwata.

Mai garin ya fito tarbarsa. Kwalbar man gyaɗa ce cikin babbar riga, da toton masara a ka.

“Maraba da maginin garinmu,” in ji Kwalba.

“Ni? Ranka ya daɗe, ko bulo ban taɓa ɗauka ba.”

“Da cokali biyu ka gina shi. Dubi tsabta. A nan babu abin da ke kama wani, shi ya sa ba ka jin hayaniya.”

“To ai bikin ba daɗi.”

“Amma yana da kyan gani.”

Haladu ya miƙa hannu su gaisa. Hannun ya zame, ƙafa ta bi, sai ga shi a zaune yana sulalawa ta tsakiyar dandali, rungume da kukuma. Ya ratsa ƙarƙashin wata saniya, ya wuce masu rawa, ya fita ta ƙofar gari yana ƙyaƙyata dariyar da ko shi ba ya ji.

Wata bishiya mai ƙaya ce ta tare shi. A inuwarta wata tsohuwar goɗiya ta harɗe ƙafafu a kan tabarma. Wutsiyarta na naso, ƙudaje na sauka a kai suna faɗowa.

“Kai ne na wajen Nomau?” in ji ta.

“Ɗan ƙanwarsa ne ni, Inna.”

“Shekara talatin gashina yana hannun kawunka, bai taɓa yi min kwalliya ba. Kai kwana ɗaya ka mai da ni amarya.”

“Dauɗa na gani, Inna.”

“Dauɗa.” Ta yi haniniya har haƙoranta suka bayyana. “Ɗaga kai ka tambayi 'ya'yanka.”

Ya ɗaga kai. A kowane reshe huluna ne, duk waɗanda ya taɓa wankewa, sun jeru tsaye ƙyam kamar tsuntsaye, suna rera wata waƙa da bai taɓa ji a kowace kasuwa ba. Guda ɗaya ce a ƙasa, ta yi laƙwas a gindin bishiyar.

“Maigida, ka gane ni?” in ji hular. “Ni ce ta Alhamis ɗin nan da kana sauri ka tsallake ni.”

“Me ya hana ki waƙa?”

“Da me zan tsaya?”

Sai bishiyar ta fara hawaye. Hawayen ruwan zuma ne, suna fitowa daga ɓawonta a hankali, suna daskarewa. Ɗigo ɗaya ya faɗo a tafin Haladu. Ya murza shi da yatsa, yatsun suka manne, da ya ja su da ƙarfi sai wani siririn sauti ya fito daga tsakaninsu. Can baya, a garin ƙyalli, ganga ɗaya ta amsa.

Zanen da ke hannunsa ya motsa. Kukuma ta leƙo da wuyanta kamar jaririn da ya farka, ta yi gyaran murya.

“Ashe kina da baki,” in ji Haladu.

“Ina da shi. Amma maganata ta farko ba za ta yi daɗi ba. Za ka jure?”

“Faɗi.”

Ta ja numfashi, ta buɗe baki.

Hon ɗin mota ne ya tashe shi. Direba, mutum sosai mai gemu, yana cewa, “Tudun Kanya, mai sauka ya sauka.” Dattijuwar na janye kwandonta tana dariya.

“Samari, lafiya? Tun daga mararraba kake ce wa zabuwata Inna.”

Haladu ya sauka, rana na dukan ƙeyarsa. Ya kwance zanen ya sansana izgar, ƙamshin ƙuli-ƙuli ya bugi hancinsa. Ya sa hannu a aljihu zai ciro kuɗin mota, sai ya ji wani abu mai tauri: guntun ƙaro, irin wanda ba ya rabuwa da rigar aikinsa. Sai ya tuna hawayen bishiyar nan.

Ya sayi sabulu a tasha, ya wanke izgar sau uku a bakin rijiya, ya zauna a kan dutse har ta bushe. Sannan ya yi ta goga mata ƙaron, har sheƙin ya mutu, ta koma irin dauɗar da ya tarar.

A ƙofar gidan Kawu Nomau ya tsaya, ya ɗora baka a kan tsirkiya, ya ja. Abin da ya fito sai da ya sa kaji watsewa.

“Wane ne ke yanka akuya a ƙofar gidana ba sallama?” in ji muryar tsohon daga zaure.

“Ni ne, Kawu. Ita ce.”



“Sake ja,” in ji tsohon.

Ya sake ja. Wannan karon akuyar ta ɗan sassauta.

“To,” in ji Kawu Nomau, “shigo da abarka ciki, tun maƙwabta ba su zo neman nama ba.”